Ranar da Baban Kusum Ya Zama Uwa

Ta ci, Yaya Kamla! Ta ci! Kusum ɗita ta ci shinkafar Uwa, a kan dandamali, a gaban duk mutanen Barkheri, kuma ita ce ta farko! Kar ma ki ce ƙari nake yi. Na san mijin Goggo ya riga ni kawo miki labari, to shi a can baya ya tsaya wajen mai matse rake, ban da ƙeyar mutane ba abin da ya gani. Ni ki saurara. Ki ajiye abin da kike yi, wake ba zai gudu ba.

Bari in ɗauko miki daga tushe, tunda ke kullum sai "bana zan zo bikinku, bana zan zo", har na haihu ba ki taɓa ganin wasan garin nan ba.

Duk shekara in an gama yankan alkama ana yin wasan Uwa da Jhabri a filin ɗakin bauta. Jhabri ita ce dodanniyar da ta riƙa kwashe jariran gari a zamanin yunwa, har Uwa, wadda garin ke bauta wa, ta sauko daga kan dutse ta soke ta da mashi. Maza ne suke yin komai, har matan. Mai yin Uwa kullum daga gidan Pandit Awasthi, shugaban ɗakin bauta, yake fitowa. Jhabri kuwa gadon gidanmu ce. Wasu gona suke gada, wasu shanu, wasu kanti, mu dodanniya muka gada. Kakan baban Kusum ya yi, babansa ya yi, shi ma tun da gashin baki ya fito masa yake yi, in ya gama ya koma gyaran kekensa.

Kuma a garin nan abin da ka ɗora a kanka shi ne kai. Nilesh, ɗan ƙanen Pandit, mai kantin maganin nan da ko gaisuwa sai ya duba takalminka yake amsawa, da zarar an ɗora masa kambin azurfa shi ke nan, ya zama Uwa. Tsofaffi su zube su taɓa ƙafarsa, abin da ya faɗa ba mai musawa har a sauke kambin. In kuwa fuskar katakon nan mai haure ka sa, to kai ne Jhabri, sai jifa da kashin shanu. Ɗanye, Yaya. Tun ana saura kwanaki ake tanadinsa, kamar kayan aure. Wa ke wanki? Ƙanwarki.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne shinkafar. In an gama wasa, Uwa takan zauna da kwanon shinkafa da madara a cinya, duk jaririn da aka haifa a shekarar a kawo shi ta sa masa abincinsa na farko a baki da hannunta. Duk jariri, ban da na gidan Jhabri. Shi sai dai a kankaro ƙanzon tukunya a naɗe a ganye a aiko masa gida. Baban Kusum ƙanzo ya fara ci a duniya. Babansa ma ƙanzo. Inna, surukata, wai ai ƙanzon ya fi zaƙi, a nan sukari ke kwanciya. Na ce, "Inna, to ya aka yi matar Pandit ba ta taɓa roƙar wa jikokinta ba?" Ta ce bakina ya fi jikina girma. Ni dai tun ina da ciki na rantse da Uwa 'yata ba za ta fara duniya da ƙanzo ba. Yadda zan yi ban sani ba. Rantsuwar dai na yi.

Sai ga Anandita ta dawo. 'Yar Pandit ce, ta yi karatu a Delhi har ya yi mata yawa, ta rubuta littafi da Turanci. A kan wa? A kan Jhabri! Wai duk sharri aka yi mata, ko jariri ɗaya ba ta ci ba. Wai 'ya'ya matan da mutane suka zubar a daji lokacin yunwa take tsinta tana shayarwa, manyan gari kuma suka kira Uwa ta kashe ta don asirinsu ya rufu. An ce mutanen birni sun yi ta kuka a kan littafin nan. Har ƙasashen waje, wai, kuka ake. Mu da muke wanke kashin shanun ba wanda ya leƙo ya ga ko muna da hawaye.

Af, ta leƙo, kar in yi mata ƙarya. Ta zo har gida cikin wani sari, zanen nan namu, mai kama da buhu, wanda aka ce na masu hali ne. Na jawo mata kujera, ta ce a'a, a ƙasa za ta zauna kamar mu. Mu da muke da kujera.

Ta kama hannuna ta ce, "'Yar'uwa, ni saurare na zo yi. Muryarki nake nema. An daɗe ana danne muryar mata irinku."

Na buɗe baki zan yi magana, ta ci gaba. Ta yi ta yi min bayanin yadda ake hana ni magana har shayin da na kawo mata ya huce ya yi yana a sama.

Sannan ta juya ga baban Kusum. "Kawu Makhan, in ka sa fuskar nan, me kake ji a can cikin ranka?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Gumi, Anti. Ba ta da hanyar iska sai ta hanci."

Ta lumshe ido tana gyaɗa kai kamar ya karanta mata wani babban abu.

Na samu ta ja numfashi, na yi wuf na ce, "Anti, in dai Jhabri mutuniyar kirki ce, ke nan Kusum za ta ci shinkafa a dandamali bana?"

Ta yi murmushi. "Haba 'yar'uwa, wannan ai ƙaramin abu ne. Muna maganar gyara tarihi ne gaba ɗaya."

Na ce, "Ni ƙaramin nake so, Anti."

Ta yi dariya, ta ce ina da ban dariya, ta ɗauki hoton tukwanenmu ta tafi.

Pandit da farko cewa ya yi littafin nan ba zai kwana a gidansa ba, saɓo ne. Da ya ji an ce motoci za su zo cike da baƙi, da masu ɗaukar hoto, har da 'yan jarida, sai nan take ya tuna wai kakansa ma haka ya taɓa ba shi labarin. Aka yi shela a gari: bana sabon wasa za a yi, irin na littafi, Jhabri ce tauraruwa.

Wayyo Yaya, ki ga murna! Na ce shi ke nan, rana ta fito a gidanmu. Na shafa wa baban Kusum man kwakwa a ka, na ƙara masa gurasar roti a kwano. Matan famfo da ke kira na "amaryar dodanniya" suka fara tambayata ya jikin Inna. Inna da lafiyarta ƙalau.

Ana haka Pandit ya aiko kiran baban Kusum. Na saɓi Kusum na bi shi, don na san shi, in aka ce masa ya ba da kansa zai tambaya ne ko a haɗa da wuyan.

Pandit na zaune a baranda yana fifita. Ya ce, "Makhan, ɗana, zauna. A'a, nan ƙasa ya fi iska. Ka san Jhabrin bana ba irin ta da ba ce. Ta bana tana da jawabi. Dogo. Har da Turanci a ciki saboda baƙi. Mun duba mun ga kar mu wahalar da kai. Nilesh zai ɗauke maka wannan nauyin."

Kin ji ko? Tun kaka da kakanni tana wari, tamu ce. Ranar da aka wanke ta aka fesa mata turare, ta zama ta gidan Awasthi.

Baban Kusum ya ce, "To ni fa, Panditji?"

Pandit ya yi tari. "Kai za ka yi Uwa."

Na zaci kunnena ne. Ashe a sabon wasan Uwa ba ta da ko kalma ɗaya. Fitowa kawai za ta yi ta soke baiwar mace marar laifi, ta tsaya jama'a su yi mata ihu. Shi kuwa Nilesh ya ce ba za a ɗauke shi a wayoyin duniya yana kashe mai shayarwa ba, yana da kanti, yana da suna. Aka zagaya duk gidan Awasthi, kowa ƙafarsa na ciwo.

"Kai kuma ka saba da ihun jama'a," in ji Pandit. "Baiwa ce, ba kowa ke da ita ba."

Na ja mayafina na rufe fuska yadda ya kamata, na ce, "Panditji, a gafarce ni, shinkafar fa?"

"Bana Jhabri ce za ta ba jarirai kafin ta cika. Ita ce mai shayarwa. Haka littafi ya ce."

"To Kusum za ta shiga layi?"

"'Yata, al'ada al'ada ce. Gidan da ya ɗauki matsayin mugunta ba ya kawo jariri. Bana kuma Uwa ce ta..." Sai ya tsaya, ya dubi ɗakin bauta, ya sake yin tari. "Bana ma dai gidanku ne."

Kin ga adalci, Yaya? An juya labari, an juya ta sama ta koma ƙasa, ta ƙasa ta koma sama, amma ƙanzo bai matsa daga ƙofarmu ba ko da taki ɗaya.

Muna isa gida na sauke masa. Na ce, "Kai bakin nan naka na cin roti ne kawai? An ƙwace maka gado kana 'to Panditji', an hana 'yarka kana 'to Panditji'!"

Ya ce, "Jamni, ni ba wannan ke damuna ba. Kambin nake tsoro. Irinmu ko inuwarsa ba mu taɓa takawa ba."

Inna kuwa da ta ji, ta ɗora hannu a ka ta ce mun shiga uku, tsawa za ta faɗo a gidan nan. Ta yi kukanta ta ƙoshi, ta share hanci, ta ce a tambayo ko jan sarin Uwa namu zai zama bayan wasa.

Aka yi ta gwaji a bayan makaranta. Da kambin kwali, Yaya, ki riƙe wannan. Na gaskiyar ba ya fitowa daga ɗakin bauta sai ranar. Da na kwali kuwa baban Kusum baban Kusum ne, kowa na wucewa yana dungure masa kai, Anandita na ce masa, "Kawu Makhan, ƙara mugunta a ido!" Shi da ko akuya ta shiga shagonsa sai ya ba ta haƙuri take fita. Aka kuma sa shi ya aske gashin baki. Na dube shi na ce, "Sannu, ƙanwata." Bai yi dariya ba.

Ranar wasa da la'asar fili ya cika ya batse. Baƙi sun zo da hulunan rana da gorunan ruwa, an jera musu kujeru a gaba inda tsofaffinmu ke zama, tsofaffin kuma an kora su gefe. Ni ina can baya gindin darbejiya, inda matan gidan Jhabri ke tsayawa tun da can. Amma na sa wa Kusum rigarta ruwan ɗorawa, na rambaɗa mata kwalli, na ɗiga mata baƙi a bayan kunne saboda baki. Na ce ko ƙanzo za ta ci, cikin kwalliya za ta ci shi.

Anandita ta hau ta karɓi lasifika. Ta ce bana ba jifa. Bana za mu saurari wadda aka zalunta. Wai kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Mutanen Barkheri suka gyaɗa kai cikin ladabi, suka mai da hannuwansu baya.

Aka buga ganga, Nilesh ya fito da fuskar katako, gashin igiya har gadon baya. Ya fara jawabi. Yaya, fuskar nan ba a yi ta don jawabi ba, gurnani aka yi ta domin shi. Muryarsa na fitowa kamar ɗan maraƙi ya faɗa rijiya. Baƙi dai sun karanta littafi, sun san inda ake kuka, suka fito da hankici. Namu kuwa suna tsaye suna jira, kamar masu jiran mota.

Ya buɗe hannuwa ya ce, "Ni ma mace ce kamar ku!"

Tas! Ɗanyen kashin shanu, a ƙirji.

Wata tsohuwa ce, kurma, ba ta ji sanarwa ba. Ita dai ta ga haure, ta yi abin da take yi tun tana budurwa. Shi ke nan, kamar an buɗe dam. Ta ko'ina, Yaya! Nilesh na ihu cikin katako, "Ku tsaya, ban zo Turancin ba!" Wani baƙo mai hula ya juya yana ce wa matarsa, "Dubi yadda suka nuna zaluncin al'umma, kai, an yi fasaha a nan!" Bai rufe baki ba fasahar ta same shi a kunne.

Ni kuwa ina baya ina lissafin wankin da matar Nilesh za ta yi. Ban jefa ba. Hannuna da yarinya.

Sai aka busa katantanwa. Pandit ya fito daga ɗakin bauta riƙe da kambin azurfa na gaskiya, don a gaban jama'a ake ɗora shi. Baban Kusum na tsaye cikin jan sari, da zobe a hanci. Pandit ya miƙa hannu daga nesa-nesa, kamar mai ba kare magani, ya ɗora masa kambin.

Sai bayan Pandit ya sunkuya.

Na rantse miki da idona na gani. Tun kafin a haife ni mutumin nan yake ɗora kambi ya sunkuya, bayan ya saba, bai tsaya neman shawarar mai shi ba. Kafin Pandit ya tuna ƙafar wa ce, goshinsa na kanta. Ƙafar baban Kusum, Yaya! Mai faso, mai baƙin man keke a farce, wadda nake hana ta hawa shimfiɗa!

Fili gaba ɗaya ya zube. "Uwa! Uwa! Uwa ta sauko!" Tsofaffi na kuka, ana watsa furanni. Anandita na ihu a lasifika, "A'a, a'a, jama'a, a wannan labarin ita ce mai laifi!" Wa ya ji ta? Littafi na Delhi, kambi na nan.

Baban Kusum ya ɗaga mashi ya je wajen Nilesh ya ɗan taɓa shi a ciki, a hankali, kamar mai duba ko taya ta sha iska. Nilesh ya faɗi da murna, don wanda ya faɗi ba a jifansa.

To nan ne fa. Anandita ta ruga ta ɗauko kwanon shinkafa ta ajiye kusa da Jhabri, ta ɗago masa kai, ta ce, "Iyaye mata, ku kawo jariranku! Ga mai shayarwa za ta ba su kafin ta cika!"

Ko mace ɗaya ba ta motsa ba. Wace uwa ce za ta miƙa ɗanta ga haure da kashin shanu?

Anandita ta hango Ritu, matar Nilesh, da ɗanta Golu a kafaɗa, shi ma na bana ne. Ta ce, "Ritu, ke fara. Ai mijinki ne."

Ritu ta ƙanƙame yaron ta ce, "A gida ne mijina, Anti."

Tsohuwar nan kurma ta hau dandamali da sandarta, ta ɗauke kwanon, ta goge gindinsa da bakin zanenta, ta je ta ɗora a cinyar mai kambi, ta sauka abinta. Mata suka yi layi a gabansa, kowa da jaririnta.

Ni ina gindin darbejiya ina kallo. Na ga Pandit ya matsa yana raɗa, ashe lasifikar na kusa, duk fili ya ji. "Makhan, ce a sauke kambi tukuna. Makhan!"

Wani dattijo daga ƙasa ya ce, "Wane ne kuma Makhan, Panditji? Da wa kake magana?"

Ba mai sauke kambi sai Uwa ta ce a sauke. Pandit da kansa ya koya wa garin haka.

Yanzu saura mijina. Kuma na san mijina. Na ga ya dubi Pandit, Pandit ya zare masa ido, na ga bakinsa ya fara haɗa "to Panditji". Na ce yau in ya faɗe ta, gidanku zan dawo da ƙafa. Ba a yi min izinin magana ba, ba a yi min izinin matsowa ba, amma ba wanda ya taɓa cewa kar in ɗaga 'yata. Na ɗaga Kusum sama da hannu biyu, sama sosai, rigar nan tana walƙiya a rana. Ita kuma ta tsala ihu, 'yar albarka.

Ya hango ta. Ya daɗe yana kallo. Sannan da wata 'yar siririyar murya ya ce, "A kawo min yarinyar can ta gindin bishiya."

Pandit ya haɗa hannuwa. "Uwa, a yi haƙuri, ai waccan 'yar gidan..."

"Gidan wa?"

Yaya, ban san inda ya samo ta ba. Muryar ma ta canza. Me Pandit zai ce? Ya ce gidan Jhabri? Ga Jhabri can kwance, ɗan ƙanensa ne. Ya ce gidan mai mugunta? A gaban kambi? Ya tsaya yana motsa leɓe kamar kifi a kwando.

Na tafi. Fili ya tsage min biyu. Matan famfo na cewa, "Matsa mata, matsa mata, a hankali Jamni, ga tsani." Ban yi sauri ba. Me zai sa in yi sauri? Na bi ta gaban kujerun baƙi, na hau, na durƙusa, na taɓa ƙafar da na sani, na miƙa 'yata.

Kusum ba ta gane shi ba, ba gashin baki. Ta kalle shi ta kalle ni, ta cafki zoben hancin ta ja har hawaye ya zubo masa. Mutane suka ce, "Uwa na kuka! Uwa na kuka!" To, wataƙila rabi zoben ne, rabi ba shi ba. Ya ɗebo shinkafa da yatsa ya sa mata. Ta yamutsa fuska. Ta furzo rabi a rigar. Ta tsotsi sauran. Sannan ta wangale baki tana neman ƙari! Fili ya ɗauki guɗa, ni kuwa kwallina ya gama zubowa har haɓa.

Ina saukowa sai wani ɗan iska daga baya ya ɗaga murya, "To bana Jhabri ta gidan Awasthi ce! Golu sai ƙanzo!" Aka kwashe da dariya. Aka fara ture Ritu daga layi. Ta tsaya gefe da yaronta, fuskarta ta yi fari fat, tana kallon ƙasa. Na san tsayuwar nan, Yaya. Amma ba zan ɓoye miki ba, har na fara tunanin wane ganye ya fi kyau a naɗe musu ƙanzon.

Sai mai kambi ya ce, "A kawo na Jhabri ma. Daga yau kar a ƙara aika wa jaririn kowa ƙanzo."

Kin ga irin mijin da kuka ba ni? Rana ɗaya tak duniya ta shigo hannunsa, ya raba ta kyauta. Amma ya faɗa da kambi a kai, a gaban gari, ta zauna ke nan, ko Pandit ba shi da abin goge ta. Golu ya ci na biyu. Na biyu, ki lura. Ritu ta zo ta tsaya kusa da ni, ta goge wa Kusum haɓa da bakin sarinta mai tsada. Na bar ta.

Da aka sauke kambi baban Kusum ya sulale ya zauna a ƙasa, ya ce a ba shi ruwa, ya tambaye ni wai me ya faɗa. Anandita kuwa ta rungume ni tana kuka, wai wannan shi ne ainihin abin da littafinta ke nufi, mu ne ba mu gane ba sai yanzu. Wai za ta rubuta na biyu. Na ce Uwa ta ba da sa'a, Anti, amma a yi shi kafin baɗi, don har yanzu ba a samu wanda ya yarda zai sa fuskar katako ba. Nilesh ya ce shi da ita har abada, ya yi wanka har fatarsa ta yi ja, kantin dai mutane na tsayawa daga bakin ƙofa su miƙa hannu.

Mu kuwa tun jiya gidan bai huta ba. Mutane na kawo kekuna lafiyayyu wai a duba musu. Inna na zaune a ƙofa tana karɓar gaisuwa, tana gaya wa kowa ita dama tun yana ciki ta yi mafarki. Kusum ta yi kashinta na farko na masu cin abinci, kuma na gaya miki, shinkafar Uwa ma in ta fito wari take.

Yarinya ta tashi, sai na je. Don girman Uwa, Yaya, kar labarin nan ya kwana a wayarki. Ki maimaita wa Baba da ƙarfi a kunnensa na dama. Ki gaya wa Goggo ta gyara wa mijinta nasa. Sannan ki taka har gidan matar Kawu Sohan, mai yi min dariyar auren gidan dodanniya, ki zauna, ki sha shayinta, ki ba ta shi tun daga farko a hankali, kar ki tsallake wajen goshin Pandit. In kin gama ki dubi fuskarta da kyau ki kira ni.